Daga Wuyan Ɗan Dako Zuwa Bakin Foklif: Tarihin Jera Kaya a Kan Falet

Kafin ƙarni na ashirin, galibin situna da tashoshin jirgin ruwa ba sa buƙatar a rubuta musu iyakar tsawon da za a jibga kaya, domin iyakar tana jikin ma'aikaci. Mutum ba ya ɗaga abin da ya fi ƙarfin wuyansa, ba ya kuma ajiye shi inda hannunsa bai kai ba, sai dai in ya taka kayan ya hau. In kuwa hawa zai yi, dole tsibin ya zama mai faɗin gindi, mai matakai, wanda zai ɗauki mutum da buhu a kansa ba tare da ya goce ba. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan ka'ida, amma ta tsare rayuka masu yawa. Abubuwa biyu ne suka zo suka kawar da ita cikin ƙasa da shekara talatin: falet, wato dandamalin katakon nan mai ƙafafu da ake jera kaya a kansa a ɗaga gaba ɗaya, da foklif, motar da ke cusa yatsunta biyu na ƙarfe a ƙarƙashinsa ta ɗora shi sama. Da zuwansu, mutum ɗaya a zaune kan kujera ya sami ikon ɗora tan guda a bisa wani tan, a tsawon da ya ninka tsayinsa sau uku, bai ji ko alamar nauyi a jikinsa ba. A ganina, duk abin da ya biyo baya a tarihin wannan sana'a ƙoƙari ne na maye gurbin iyakar jiki da ta ɓace da wata iyaka ta lissafi, wadda aka auna, aka rubuta, aka yarda da ita. Inda injin ya riga lissafin isa kuwa, a nan tsibin kaya ke rushewa.

Mafarin abin a Amurka ne. A 1917, kamfanin Clark da ke garin Buchanan a jihar Michigan, wanda sana'arsa ƙera kayan ƙarfen motoci ce, ya haɗa wata 'yar mota mai suna Tructractor don jigilar kaya a cikin masana'antarsa, baƙin da suka gani suka ce su ma suna so. A shekarun 1920 kamfanoni irin su Yale suka ƙara wa irin waɗannan motoci yatsu da dogon ƙarfen da ke hawa da su sama. A lokacin, abin da ake ɗora kaya a kai allo ne kawai bisa sanduna biyu ko uku, ƙasansa a buɗe. Yana ɗaguwa, yana kuma saurin aiki ƙwarai: wata mujallar harkar jiragen ƙasa ta ba da rahoto a 1931 cewa taragon da ke ɗauke da kwalayen abincin gwangwani 13,000 kan ci kwana uku ana sauke shi da hannu, amma in an jera kayan a kan irin waɗannan alluna, awa huɗu ta isa. Matsalar allon ɗaya ce, ba ya hawa kan ɗan'uwansa. In aka ɗora shi bisa wani lodi, dukkan nauyinsa kan taru a kan siraran sandunan nan, su nutse cikin kayan da ke ƙasa. Maganin da aka samo bai taka kara ya karya ba a ido: 'yan alluna aka ƙara a ƙasan sandunan, nauyin ya bazu. George Raymond da William House na garin Greene a jihar New York sun sami takardar mallakar fasahar falet mai fuska biyu a 1939. Masu ba da tarihin nan kan fi yabon injin, amma allunan ƙasan nan su ne suka sauya lissafin sito. Daga lokacin aka daina auna ɗakin ajiya da faɗin daɓensa kaɗai, aka koma auna shi har rufi, kuma kowane mai sito ya fara kallon iskar da ke saman kayansa a matsayin kuɗin haya da yake biya a banza.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fitar da falet daga 'yan masana'antu ya watsa shi duniya. Amurka na ciyar da rundunoni a Turai da tsibiran tekun Fasifik, ga mazajen da ke dako an kwashe su zuwa fagen daga, don haka sojoji suka rungumi injin da katakon da hannu bibbiyu. Wani hafsan sojan ruwa, Norman Cahners, ya fito da falet ɗin da foklif ke iya shiga ta kowane ɓangare cikin huɗu, abin da ya sauƙaƙa juya kaya a matsatsin tarago da cikin jirgi. Darasin da ya fi tasiri dai bai shafi siffar katakon ba. Sojoji sun gano cewa falet ba shi da amfani in kowane sansani da girman nasa, domin lodin da aka haɗa a wuri ɗaya zai bi ta hannaye goma da ba su san juna ba, kuma kowannensu zai ɗora wani abu a kansa yana mai zaton zai ɗauka. Da yaƙi ya ƙare, Amurkawa suka bar tulin foklif da falet a Ostireliya. Gwamnatin ƙasar ta tattara su ƙarƙashin wata hukuma mai ba da haya da ake kira CHEP, aka sayar da ita ga kamfanin Brambles a 1958. Shuɗayen falet ɗin da ake gani a manyan kantunan duniya yau jikokin wancan tarin ne. Hikimar tsarin haya ita ce katakon yana da mai shi: bayan kowane zagaye yana komawa inda za a duba shi, a sauya allon da ya tsage, a buga ƙusar da ta fita. Mai ɗora kaya bai san wanda ya yi amfani da shi jiya ba, amma ya san abin da zai iya ɗauka.

Turai ta bi wata hanya zuwa wuri guda. A 1961 hukumomin jiragen ƙasa na ƙasashen nahiyar, ƙarƙashin ƙungiyarsu ta UIC, suka amince da falet ɗaya da za a riƙa musaya, ka kawo ɗaya da kaya, a ba ka wani fanko a madadinsa. Musaya irin wannan ba ta yiwuwa sai in kowane ɗaya daidai yake da ɗan'uwansa, don haka aka ƙayyade komai: tsawo milimita 1,200, faɗi 800, tsayi 144, alluna 11, gungume 9, ƙusoshi 78 kowace da mazauninta, nauyinsa kusan kilo 25. Da jabu da rubabbu suka fara yawa a kasuwa, aka kafa ƙungiyar EPAL a 1991 don ba da lasisi ga maƙera da masu gyara. Lambobi biyu ne suka fi muhimmanci ga mai jera kaya. Falet ɗin na ɗaukar kilo 1,500 in an baza nauyin daidai, kuma in an jera su bisa juna, kada jimillar abin da ke kan na ƙasa ta wuce kilo 5,500. Lissafin ba wuya: in kowanne cike yake da kilo 1,500, hawa uku ne iyaka, domin na huɗu zai kai jimillar 6,000. Akwai kuma sharaɗin da aka fi mantawa da shi, cewa wannan adadi na daɓe mai ƙarfi ne, shimfiɗaɗɗe. A ƙasa mai gangare ko siminti da ya farfashe, karkatar da ba ta kai faɗin yatsa ba a gindi kan ninku sau da yawa a hawa na uku. Sannan lambar ta katako ce kawai. Ba ta ce komai ba game da kayan da ke tsakanin katako da katako, kuma a nan ne gizo ke saƙa.

Yawancin abin da ke hawa falet a cikin kwali yake, kuma kwali ya fi katako rauni nesa ba kusa ba. A tsibi mai hawa uku, wanda ke shan wahala shi ne kwalin da ke layin ƙasa na falet ɗin ƙasa, domin shi ke ɗauke da kowa. An daɗe ana kintace kafin a 1963 wani mai bincike, R. C. McKee, da abokan aikinsa a cibiyar nazarin takarda ta Appleton a jihar Wisconsin suka fitar da hanyar lissafa nauyin da kwali zai ɗauka kafin ya lotse, daga ƙarfin gefen takardarsa da kaurinta da kewayen kwalin. Har yau masana'antu na aiki da wannan lissafi. Abin da gwaje-gwaje suka tabbatar shi ne ƙarfin kwali a kusurwoyinsa huɗu ya fi taruwa, tsakiyar bangonsa da murfinsa ba su da wani kataɓus. Daga wannan gaskiya ɗaya ce sauran ka'idojin suka fito. In aka jera kwali kusurwa bisa kusurwa, nauyi kan gangara ta ginshiƙai har ƙasa. In aka saƙa su kamar ginin bulo, kusurwar na sama kan sauka a tsakiyar na ƙasa, ƙarfin ya ragu da kusan rabi. In kwali ya leƙo waje da bakin falet, ko da inci ɗaya ne, kusurwoyinsa biyu sun rataye a iska, abin da kan ci kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Haka in kusurwa ta faɗa a ratar da ke tsakanin alluna. Ga laima: kwalin da ya zauna a iska mai damshi sosai kan rasa kusan rabin ƙarfinsa, ga kuma daɗewa, domin takarda na gajiya a ƙarƙashin nauyi, abin da ta ɗauka yau ba lalle ta ɗauke shi bayan wata uku ba. Waɗannan ragi ba tara su ake yi ba, ninka su ake yi, shi ya sa injiniyoyi kan nemi kwalin da ƙarfinsa a ɗakin gwaji ya ninka nauyin da zai ɗauka sau da yawa. Lodin da aka haɗa da hunturu a Kano ya tsaya ƙyam, zai iya durƙusawa a tashar jirgin ruwa ta Apapa cikin watan Yuli ba tare da an ƙara masa ko kilo ɗaya ba.

A nan mai karatu na iya cewa wannan duk kwaskwarimar Turawa ce, ƙwararren ɗan lodi bai taɓa buƙatar takarda ba, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce: dalar gyada. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyada ya bunƙasa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shahara da shi, kuma da yake taragu ba sa iya kwashe amfanin shekara a kan kari, sai aka riƙa tara buhuna a fili a wurare irin su Ƙofar Mazugal da Malam Madori. Dala ɗaya kan ɗauki buhu kusan 15,000, leburori suka gina ta da ka da kafaɗa, ta yi watanni a tsaye ƙarƙashin tamfol. Babu mai musun wannan gwaninta. Sai dai in aka duba da kyau, dalar tana goyon bayan maganar da nake yi ne. Siffarta kanta iyakar jiki ce ta haife ta: tana tsukewa tana hawa domin mutum zai taka ta da buhu a ka, kuma wannan tsukewar ce ke hana ta faɗuwa. Buhunan iri ɗaya ne, awonsu ɗaya, wato akwai ma'auni ko da ba a buga shi a takarda ba. Abu na uku ya fi ɗaukar hankali. Buhu ba shi da kusurwar da ke ɗaukar nauyi, hatsin cikinsa ne ke ɗauka, don haka saƙa shi, wannan layi a tsaye wancan a gicciye, ba ya rage masa komai, sai ma ƙara wa tsibin kamewa. Hannun da ya ƙware a kan buhu, in aka miƙa masa kwalin man girki ko na magani, saƙar zai yi, domin ita ya sani kuma ita ce daidai a duniyar da ya koyi aiki. Idonsa zai ga lodi ya kame tsaf, ba zai ga rabin ƙarfin da ya zube ba. Gwaninta tana tsare mutum a kan kayan da ya saba da su, kuma tana jin nauyi ta wuya. Direban foklif ba ya jin komai a wuyansa, kayan da ke gabansa kuma yau sabulu ne, gobe batir.

Gaskiya ne jeri na kusurwa bisa kusurwa yana da nasa aibin. Ginshiƙan ba su riƙe juna ba, da an girgiza su sai su buɗe kowanne ya kama gabansa. Shekaru da dama masu sito suna tsaka mai wuya: saƙa ta kame amma ta raunana kwali, jerin tsaye ya yi ƙarfi amma ya watse. An gwada ɗamarar ƙarfe, wadda ke yanka gefen kwali, an gwada gam tsakanin layuka, an gwada ledar da ake gasawa da zafi ta tsuke. A 1972 Pat Lancaster da ɗan'uwansa Bill suka kafa kamfanin Lantech a Louisville ta jihar Kentucky, da injin da ke juya falet yana naɗe shi da leda mai talewa. Wannan ya raba gardamar, domin yanzu ana iya jera kwali a tsaye leda ta haɗa kansu, wasu kuma su yi layukan ƙasa a tsaye, su saƙa biyu na sama. Amma ledar ta zo da nata ruɗin, wanda har yau bai gushe ba. Lodin da ke ƙyalli cikin leda kan ba ido natsuwar da bai cancanta ba. Leda ba ta ƙara wa kwali ƙarfin ɗaukar nauyi ko kaɗan, aikinta hana shi zamewa gefe. In ba a fara naɗin daga katakon ba, ta yadda za ta kama ƙafafun falet tare da layin farko, abin da aka samu dunƙulen kaya ne da zai sulale daga kan falet gaba ɗayansa. Ba ta kuma gyara lodin da aka sa mai nauyi a sama mara nauyi a ƙasa, ko wanda samansa ya yi tsini. Siffar dala da ta tsare gyada a fili ita ce mafi muni a kan falet, domin ba a iya ɗora komai a bisanta, in kuma aka ɗora, nauyin duka kan sauka a kan kwali ɗaya ko biyu. Kamfanonin jigila da yawa na cajin ƙarin kuɗi a kan lodin da samansa ba shimfiɗe yake ba, dalilinsu ke nan.

Duk wannan a sito ne, inda ƙasa ba ta motsi. A kan hanya lissafin ya sake sauyawa, domin nauyi ya daina gangarawa ƙasa kawai. Ƙa'idar Turai ta ɗaure kaya a mota, EN 12195-1, ta ɗauka cewa in direba ya taka birki da ƙarfi, kaya kan tura gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsu, a kwana kuma su tura gefe da kashi 50. Falet mai tan ɗaya ke nan zai nemi kan mota da ƙarfin kilo 800, alhali gogayyar katako da daɓen tirela ba ta riƙe ko rabin nauyin sosai. Tunanin cewa kaya mai nauyi nauyinsa zai zaunar da shi kuskure ne tsohon yayi, domin ƙarfin turawar yana ƙaruwa daidai da nauyin. Shi ya sa ake manna layin farko da bangon gaba, a matse na baya da na gabansa, a cike duk wata rata da fankon falet ko jakar iska, a shimfiɗa roba mai hana zamewa, a ɗaure da bel. In za a yi hawa biyu a cikin mota, mai nauyi a ƙasa, kuma a baza nauyin yadda ba zai taru a kan gatari ɗaya ba. A teku abin ya fi haka, kwantena na iya yin makonni tana lilo dare da rana. A 2014 hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, da hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da kundin ƙa'idojin cusa kaya a kwantena. Abin da ya sa ya zama dole shi ne wanda ya yi lodin ba ya nan ranar da za a buɗe ƙofa. Leburan da zai zare sakata a wata nahiya shi ne ke tsaye a gaban duk kuskuren da aka rufe a ciki.

Wani zai ce in ma'auni ne maganin, to ai duniya ta kasa yarda da ma'auni ɗaya, kuma ya faɗi gaskiya. Amurka ta zauna a kan inci 48 da 40, Japan a kan milimita 1,100 kowane gefe, Ostireliya 1,165, har hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta haƙura ta amince da girma shida. Mafi ban takaici shi ne saɓanin falet da kwantena. Malcom McLean ya tura jirginsa Ideal X daga Newark zuwa Houston da kwantena 58 a watan Afrilun 1956, aka gina akwatin a kan faɗin ƙafa takwas na motocin Amurka, cikinsa kusan mita 2.35. Falet ɗin Turai biyu a gicciye na buƙatar mita 2.40. Santimita biyar ɗin nan ta sa kwantena mai ƙafa 20 ke ɗaukar 11 kacal, da rata a gefe, alhali tirelar Turai mai mita 13.6 na haɗiye 33 cif. Ban ga dalilin kare wannan shirme ba, kowane ɓangare ya riga ya zuba dukiya a kan nasa ne ya ƙi ja da baya. Amma saɓanin ya nuna abin da rashin daidaito ke jawowa: ratar da ya bari ita ce wurin da kaya ke samun filin gudu, kuma ana kashe kuɗi kullum wajen cike ta. Inda ma'aunin ya zauna kuwa, har kayan kansu sun bi shi. Kwalin milimita 600 da 400 ya zama ruwan dare domin huɗu ke cika layi ɗaya a falet ɗin Turai, biyar kuma a mai 1,200 da 1,000, babu leƙowa babu rata. Kamfanin IKEA ya sake fasalin wani kofin shayinsa har ya kai 2,024 ke hawa falet ɗaya maimakon 864. Riba suka nema, ba shakka, amma lodin da ya cika falet baki da baki shi ne kuma wanda ba ya motsi.

Da aka ga kwali ba zai jure hawa da yawa ba, sai aka koma ga kantocin ƙarfe, inda kowane falet ke da gurbinsa ba ya ɗaukar na samansa. Wannan ya kai kaya tsawon mita goma da ɗoriya, ya kuma mayar da haɗarin wani wuri. A kan kanta, falet na zaune ne bisa ƙarafa biyu, tsakiyarsa a iska, don haka allon da ya tsage wanda zai yi shiru a daɓe zai iya karyewa a sama. Ginshiƙan kantar sirara ne, ƙarfinsu a miƙewarsu yake, kuma foklif na gogarsu kullum. Ginshiƙi ɗaya in ya lanƙwashe ya sare, yakan ja maƙwabtansa layi bayan layi. A watan Mayun 2016, kantoci sun rushe a wani siton cuku a yankin Shropshire na Ingila, suka binne direban foklif kusan awa takwas kafin a zaƙulo shi da rai, kejin ƙarfen motarsa ne ya tsare shi. Dokokin da suka biyo bayan irin waɗannan haɗura duk magana ɗaya suke yi: a rubuta, a kafe inda za a gani. Allon da ke faɗin nauyin kowane gurbi, farantin da ke jikin foklif mai nuna yadda ƙarfinta ke raguwa in lodi ya yi nisa da gindin yatsu, ƙa'idar Turai da ta ce gwani ya duba kanta aƙalla sau ɗaya a wata goma sha biyu, da dokar ƙwadagon Amurka da ta wajabta horar da direba da kuma taƙaita tsawon tsibi yadda ba zai zame ko ya rushe ba.

Saura hujja ɗaya, kuma ita ce mafi kusa da mu. Inda ƙwadago ke da araha, falet kan zama asara: 33 daga cikinsu sun haura kilo 800 na katako da mai mota zai ɗauka ba a biya shi ba, ga wurin da suke ci, ga kuma dubban 'yan dako da abincinsu ke kan wannan aiki. Mai fitar da riɗi ko zoɓo daga kasuwar Dawanau da ya cika kwantena da buhuna tun daga daɓe har sama ba jahilci ya yi ba, lissafinsa daidai ne, kuma tsohuwar iyakar jiki na nan tana aiki a wurinsa. Abin tsoro yana wajen da aka ɗauki rabin tsarin. Foklif ta shigo manyan situna da masana'antu da tashoshin tudu irin na Kaduna da na Dala a Kano, amma katakon da ke yawo a kasuwa da yawansa wanda ya rako kayan waje ne, an ƙera shi da siraran alluna don tafiya ɗaya tak, ba shi da mai shi balle mai gyara. A sito guda za ka tarar da na Amurka da na Turai da na Asiya, ana ɗora mai faɗi bisa matsattse, ƙafafun na sama ba sa sauka a kan na ƙasa. Akasarinsu na ɗauke da tambarin da aka ƙona a gungumensu, mai haruffan HT, wanda mutane kan ɗauka shaidar inganci ce. Tambarin ya samo asali ne daga ƙa'idar ISPM 15 ta 2002, wadda aka kafa bayan ƙwarin itace sun bi katakon lodi sun tsallaka teku, irin ƙwaron Asiya da aka gano a bishiyoyin Brooklyn a 1996. Abin da yake shaidawa kawai shi ne an gasa katakon har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30 don kashe ƙwari. Bai ce komai ba a kan kilo nawa zai ɗauka, ko hawa nawa za a iya yi a kansa.